Masu Auna Magana da Kunne

Mai karatu, ɗan ɗaga murya ka faɗi waɗannan a jere ba tare da tsayawa ba: takarda, Talata, ma'auni, ruwan sha. Maimaita sau biyu ko uku. Za ka ji bakinka ya kama wani taku, gajere ɗaya, dogaye biyu, gajere ɗaya, dogaye biyu. To, yanzu sauya: gaskiya, duniya, kasuwa, tsintsiya. Takun ya canja, ya koma dogo, gajere, dogo. Babu wata ma'ana da ta haɗa takarda da ruwan sha, ko duniya da tsintsiya, amma kunne ya yarda tafiyarsu ɗaya ce. Abin nan da kunnenka ya kama shi masana ke kira kari, kuma a kansa aka ɗora rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo har zuwa yau.

Ɗalibanmu na sakandare da na jami'a sun san kalmar. Sun san baiti da ɗango, amsa-amo da jigo, kashi da fitowa, domin ana tambayar su a jarrabawa. Abin da ba kasafai ake nuna musu ba shi ne, kowace ɗaya daga kalmomin nan sunan wani aiki ne mai wuya da wani ya zauna ya yi har ya yi gumi, tun kafin a raɗa wa aikin suna. Ni aikin ne ke burge ni.

A fara da gaɓa, don da ita ake awo. A wurin mai waƙa gaɓar Hausa iri biyu ce. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, irin "ta" ta farkon takarda. Akwai mai nauyi, wadda ko dai wasalinta dogo ne, ko tagwai ne irin "au", ko kuma an rufe ta da baƙi irin "kar" da "gas". Mai nauyi ɗaya tana cin lokacin marasa nauyi biyu. Iyakar dokar ke nan, sauran duk iya jerawa ne. Gaɓoɓi in sun jeru a wani tsari sun ba da ƙafa, ƙafafu in sun jeru suna ta dawowa layi bayan layi sun ba da bahari.

Malaman da suka fara rubuta waƙa da Hausa sun sha karatun aruli, ilimin da Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, ya tsara a ƙarni na 8. Shi ya fitar da bahari 15, Ahfash ya zo daga baya ya ƙara na 16, wato Mutadarik. Sa'ar da aka yi ita ce Hausa da Larabci duka suna bambanta dogon wasali da gajere, saboda haka ma'aunin ya hau Hausa ba tare da an yi masa dole ba. Jeren farko da ka faɗa ɗazu ƙafar Mutaƙarab ce, fa'uulun. Na biyu kuwa faa'ilun ne, ƙafar Mutadarik.

Inda gwaninta take shi ne a sassaucin da dokar ta bari. Ɗauki Kamil, baharin da mawaƙanmu ke ƙauna ƙwarai. Ƙafarsa mutafaa'ilun ce: marasa nauyi biyu, mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Ka ce "da farar ƙasa", ka taka ta daidai. Amma an yarda mawaƙi ya dunƙule marasa nauyin nan biyu na farko su zama mai nauyi ɗaya, sai ƙafar ta koma irin "gyaran gida". Lokacin da ta ci bai ragu ba, bai ƙaru ba, sai dai ɗanɗanonta a kunne ya bambanta: ta farko tana sauri-sauri, ta biyu tana tafiyar ƙasaita. Irin wannan canji shi ne zihafi, yana iya zuwa a wannan layi ya ɓace a na gaba. Illa kuwa ƙafar ƙarshe take faɗa wa, kuma in ta shiga ta zauna ke nan har waƙa ta ƙare. Ɗalibi yana ganin zihafi da illa lissafi ne mai sa ciwon kai. Mawaƙi kuwa da su yake numfashi. Ba don su ba, da baiti hamsin a kari ɗaya sun sa mai sauraro gyangyaɗi.

Ga wani abu da ke ƙara mini ganin girman mutanen nan. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuwo da shi haruffansu ɗaya a takarda, alhali na farko gaɓarsa ta fari marar nauyi ce, na biyu mai nauyi. Mai ajami ya fi samun sauƙi, don alif da wau da ya suna nuna masa inda aka ja. Mai boko ba shi da madogara sai kunnensa. Shi ya sa za ka tarar da marubucin waƙa na gaske yana rubutu yana gunguni, yana kaɗa ƙafa ko yana buga yatsa a gwiwa. Rerawa yake yi, duk inda harshe ya yi tuntuɓe ya san kari ya karye, sai ya cire kalmar ya nemo 'yar'uwarta mai nauyin da ya dace.

Babu hujjar da ta fi Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Makaho ne tun yana yaro, bai taɓa ganin baitinsa a takarda ba. A ka yake ginawa, a ka yake gyarawa, ya rera wasu su rubuta. Duk da haka baitocinsa suna tafiya ɗaruruwa a kan awo ɗaya ba ɗingishi, har almajirai da makafi masu bara suka haddace su suka zaga ƙasar Hausa da su, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Kuma karin da ya ɗora Imfiraji a kai daga kiɗan caji ya samo shi, kiɗan 'yan duniya, ya juya shi ya zuba masa begen Annabi da wa'azi. Ashe ba duk karin waƙar Hausa ne ya fito daga Basra ba. Marubuta da yawa in ka tambaye su bahari ba za su ce maka Ramal ko Rajaz ba. Cewa za su yi, a karin waƙar wane na yi ta, su ambaci wani makaɗi. Masana ke zuwa daga baya su auna su ga ko ya dace da ɗaya daga cikin 16 ɗin nan, ko kuwa haifaffen gida ne.

Layi ɗaya na waƙa shi ne ɗango, ɗangwaye in sun taru su ne baiti, kuma ana kiran waƙa da yawan ɗangwayen baitinta: gwauruwa mai ɗango ɗaya, ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Mai buƙatarsa shi ne amsa-amo, wanda malaman zaure ke kira ƙafiya.

A waƙa ƙwar biyar amsa-amo biyu ke aiki lokaci guda. Ɗangwaye huɗun farko na kowane baiti suna ƙarewa da sauti ɗaya, wanda ke canjawa daga baiti zuwa baiti. Shi ne ƙarami, ko na ciki. Ɗango na biyar kuwa yana ƙarewa da sautin da ba ya canjawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Shi ne babba, ko na waje. Duba abin da wannan ke ɗora wa mai rubutu. In waƙarsa baiti 60 ce, sai ya nemo wa kowane baiti kalmomi huɗu masu amsa juna, ya kuma tanadi wasu 60 na babban amsa-amo. Kowace kalma sai ta zauna a kari, sai maganar ta yi ma'ana, sai kuma ta ciyar da manufar waƙar gaba. Igiya huɗu ke nan a ƙafar mutum ɗaya, aka kuma ce ya taka rawa.

Zaɓen babban amsa-amo shi ne shawara mafi nauyi da mawaƙi ke yankewa, domin da ya rufe baitin farko ya ɗaure kansa. Sa'adu Zungur ya zaɓi "ya" a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, waƙa ƙwar biyu, zaɓen kuma ya yi masa rana: Hausa cike take da kalmomi masu wannan ƙarshe, Larabci ya ara masa kalmomin mulki da siyasa masu irinsa, har sunan waƙar ma a kansa ya sauka. Wanda ya zaɓi "ba" kuwa ya ɗaukar wa kansa rufe kowane baiti da korewa, dole tunaninsa ya riƙa zagayowa ta abin da bai faru ba, ko bai kamata ba, ko ba zai yiwu ba. Sautin da zai zo ƙarshen layi shi ke juya yadda za a ƙulla jimla tun daga farkonta.

A nan ake raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo in amsa-amo ya matse shi sai ya jefa kalmar ciko, irin su "lalle", "jama'a", "ɗan'uwa", wadda ba ta ƙara komai ba sai cika gurbi. An yarda da larurar waƙa: mawaƙi ya ja wasalin da ba a ja, ya datse kalma, ya ɗauko Sakkwatanci ya sa a waƙar Kananci, ko ya ari Larabci. Amma larura sunanta larura, wanda ya mai da ita abin kullum ya tona wa kansa asiri. Gwani shi ne wanda in ka ji kalmar ƙarshen ɗangonsa za ka rantse ko babu amsa-amo ita ce za ta zo wurin.

Alhaji Aƙilu Aliyu, mutumin Jega, mai Fasaha Aƙiliya da aka buga a Zariya, ya kai sana'ar nan inda sai da masani ya zauna kafin a gano abin da yake yi. Farfesa Ɗalhatu Muhammad, wanda ya yi shekaru yana nazarin waƙoƙinsa, ya lura cewa a waƙoƙi da dama har hawa da saukar murya suna amsa juna a ƙarshen ɗango, ban da harafi: in wannan ya ƙare da gaɓa mai karin ƙasa sannan mai karin sama, 'yan'uwansa ma haka za su ƙare. Ya wallafa binciken a 1980, aka sami abin da ake kira amsa-amon karin sauti. Babu wannan a aruli, don Larabci ba shi da karin sauti irin na Hausa. Babu kuma alamarsa a takarda. Mawaƙan suna yi ne don kunnensu ya ƙi akasinsa, masu sauraro kuma suna jin daɗi ba su san ta inda daɗin ke ɓullowa ba.

Amma in aka ce in zaɓi aiki ɗaya da na fi sara wa, tahmisi zan ɗauka. Mawaƙi ya ɗauki waƙar wani ƙwar biyu, ya ɗora wa kowane baiti ɗangwaye uku a sama, ta koma ƙwar biyar. In biyu ya ɗora ta koma huɗu, tarbi'i ke nan. Sharaɗin da tsauri. Ba ka da ikon taɓa ko kalma ɗaya ta mai asali. Karinsa za ka bi. Ɗangwayenka uku dole su amsa amon ɗangonsa na farko, wanda shi da ya rubuta bai yi zaton wani zai zo nema masa abokai uku ba, don haka yana iya ƙarewa da sautin da kalmominsa ba su taka kara sun karya ba. Mafi wuya kuma, dole maganarka ta gangaro ta shige tasa yadda mai sauraro ba zai ji mahaɗa ba. Kai ke fara magana, amma wani da ya riga ka, watakila da shekara ɗari, shi ke ƙarasa ta a kowane baiti.

Duk wanda ya taɓa zama wurin karatun Ishiriniya ya ji tahmisi ko bai san sunansa ba. Asalin waƙar ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, amma abin da ake rerawa a zaurukanmu da masallatanmu haɗe yake da tahmisin Ibnu Muhib, kuma in ba an nuna maka ba da wuya ka raba na wannan da na wancan. A Hausa kuma ga Tabbat Haƙiƙan: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahmisi. A wurin mutanen da, yi wa waƙa tahmisi girmamawa ce ga mai ita. Yau da kowa ke son a ce shi ya ƙago, abin ya yi ƙaranci, kuma a ganina an yi asara, don babu makarantar koyon waƙa da ta kai bin sawun gwani ɗango bayan ɗango.

Mabuɗi da marufi su ma da al'adarsu: a buɗe da sunan Allah da salati, a rufe da godiya da addu'a, sau da yawa mawaƙi ya faɗi sunansa da yawan baitocinsa don kada mai kwafa ya rage ko ya ƙara. A marufin ne ake samun ramzi. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa a lissafin abajada, malamanmu kuma tsarin Magariba suke bi, inda shin ke matsayin 1000. Mawaƙi sai ya harhaɗa haruffan da za su ba da shekarar Hijira da ya gama waƙar, ya ƙera kalma da su, ya saka ta cikin ɗango ba tare da kari ya karye ba. Shin 1000, ra 200, mim 40, wau 6, an sami 1246, wadda ta faɗo tsakanin 1830 da 1831. Wanda bai sani ba zai ɗauka wata baƙuwar kalma ce, malami kuwa shekara ya ji. Da wannan ne masu tarihi ke gane lokacin waƙoƙin ƙarni na 19 da dama.

Gangara da saɓi-zarce kuwa tafiyar ma'ana suke nufi. In jimla ba ta ƙare a ɗango ba ta malala cikin na gaba, gangara ce. In ta tsallake iyakar baiti ɗungurungum, saɓi-zarce ne. Mai ba da labari a waƙa da su yake hana mai sauraro sakin numfashi.

Kalmomin adon harshe ba zan daɗe a kansu ba, su aka fi haddacewa. Ka ce jarumi kamar zaki yake, kamantawa. Ka ce zaki ne kai tsaye, siffantawa. Ka ce talauci ya yi sallama ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mutuntarwa; ka kira azzalumi kura, dabbantarwa; ka kira sarki bango, abuntarwa. Kambamar zulaƙe ita ce zuzuta abu ya wuce yadda hankali zai ɗauka, karangiya kuma jero sautuka masu kama da juna har harshe ya riƙa sarƙewa. Abin da zan ƙara kawai shi ne, wanda ya gano akwai dabbantarwa a baiti bai yi komai ba tukuna. Me ya sa kura, ba zaki ba, ba kare ba? Wanda ya amsa wannan shi ya karanta waƙar.

Haka ma jigo. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, a Gadon Feɗe Waƙa, wanda daga baya ya sake fitowa da sunan Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, ya shimfiɗa wa ɗalibai hanya: a nemo furucin jigo, wato inda mawaƙi ya faɗi manufarsa da bakinsa, a taƙaita jigon, a warware shi, a shiga zubi da tsari, a duba salo da sarrafa harshe. Tsari ne mai kyau, ya kuma yi wa nazarin Hausa babbar hidima. Matsalar daga masu aiki da shi take. Sau da yawa ɗalibi zai cika shafi biyar a kan jigo, ya ba kari layi biyu. Alhali ba mawaƙi Mu'azu Haɗeja kaɗai ya ce giya da karuwanci ba su da kyau ba, kowane mai wa'azi ya faɗa. Yadda ya faɗi nasa shi ya sa ake tunawa da shi. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya sa wa littafinsa suna Salo Asirin Waƙa, kuma ni ina bayansa.

Waƙar baka tana da nata kalmomin, kuskure ne a auna ta da ma'aunin rubutacciya. Makaɗi ɗiya yake yi, ba baitoci ba, kuma ɗa ɗaya yana iya zama layi biyu, na bayansa ya kai goma sha biyar, gwargwadon abin da fage ya nema. Gindi ke riƙe waƙar, wanda ake komawa bayan kowane ɗa, da kiɗan da ke tsare lokaci. Manufarta kuma turke Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kira ta a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Saurari Narambaɗa ko Ɗanƙwairo da yaransu: jagora ya fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba, su dawo da shi gindi daidai kan bugun kotso. Babu takarda a hannun kowa. Shata kuma nasa daban: amshinsa gajere ne, shi kuwa yana zuba ɗiya nan take a kan kalangu, ya hango mutum a fage ya saka shi a waƙa kafin ya zauna.

Wasan kwaikwayo kalmominsa ba su kai na waƙa yawa ba, amma aikin da ke bayansu bai fi sauƙi ba. Hausawa sun san kwaikwayo tun kafin boko: ga tashe daga goma ga azumi, ga wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, ga 'yan kama masu kwaikwayon malamai. Rubutaccen wasa a zamanin Turawa ya zo, da littafin wasanni shida na R.M. East, sannan Wasan Marafa na Abubakar Tunau, sannan Shu'aibu Maƙarfi da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Da rubutaccen wasan ne kashi da fitowa suka shigo: kashi babban yanki ne na wasa, fitowa ƙaramin yanki a cikinsa, mai canjawa in wuri ko lokaci ya canja.

A takarda wannan rabo ne kawai. A hannun gwani kuwa, sanin inda za a yanke fitowa shi ne rabin aikin: ya shigar da kai ɗaki bayan rigima ta riga ta kankama, ya fitar da kai kafin ta lafa, ka bi shi fitowa ta gaba da zumuɗi. Kuma an ƙwace wa marubucin wasa abin da mai ƙagaggen labari ke taƙama da shi, wato bakin mai ba da labari. Ba shi da damar cewa wance tana da kishi, ko wane ya talauce bara. Duk abin da 'yan kallo za su sani sai ya fito daga bakin 'yan wasa, ko aikinsu, ko suturarsu, ko kayan da ke kan dandamali. Ɗan bayanin da yake sakawa cikin baka biyu, wane ya shigo, wance ta juya baya, na masu shiryawa ne, ɗan kallo ba ya jin sa. Dubi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa aka buga a 1975. A littafin asali Shaihu ne ke zaune yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. A dandamali kuwa dole a ga bautar da ido, a ga uwa tana neman ɗanta.

Wasannin Maƙarfi ta rediyo suka fara isa ga jama'a, kuma rediyo makaranta ce mai tsanani, don can ko dandamalin ma babu. A ce wani ya yi sallama, na ciki ya amsa: "A'a, Alhaji, kai ne da tsakar rana haka? Ince dai ba maganar kuɗin nan ba ce." Cikin numfashi ɗaya an gaya maka wanda ya shigo, da lokacin, da cewa akwai bashi a tsakani, da cewa maigida bai yi murna da zuwan ba, kuma ba wanda ya tsaya yi maka bayani. Marubucin da bai ƙware ba shi ne zai sa mutum ya zauna yana gaya wa matarsa sunayen 'ya'yansu da shekarun aurensu, abin da ba mai yi a gidansa.

Tauraro shi ne wanda wasa ke juyawa a kansa, ba lalle ya zama mai wayo ko mutumin kirki ba; a Jatau Na Kyallu, Malam Jatau mai hali ne da ya auri Kyallu, karuwa, ta kai shi ta baro. Ƙulli shi ne rikicin da aka ɗaura, warwara kuma yadda aka kwance shi, ko wasan ya ƙare da ban tausayi ko da ban dariya. Ma'aunin da na fi yarda da shi dai shi ne wannan: rufe sunayen da ke gefen shafi ka karanta maganganun kaɗai. In ka gane wa ke magana, alƙali ne ko dillaliya, ɗan birni ne ko baƙauye, tsohuwa ce ko amarya, to marubucin ya iya. Wanda ya ji Hausar bariki a bakin marigayi Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama ya san soja ke magana tun kafin ya ga kaki.

Su kansu kalmomin nan ba daga sama suka faɗo ba. Baiti da ƙafiya da tahmisi daga zaure suka zo, wasu daga bakin makaɗa, wasu kuma malaman jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato ne suka yi ta muhawara a kansu a shekarun 1970 da 1980, lokacin da aka ƙudura cewa da Hausa za a koyar da Hausa, har aka tattara su a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990. Har yau ba a gama daidaitawa ba, wani ya ce kamantawa wani ya ce kamance, wani alamtarwa wani alamci. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ajin da ake feɗe waƙa ba a rera ta ba, a karanta wasa a zaune ba wanda ya miƙe.

A zamanin ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, a gaban 'yan'uwansa ko a gidan rediyo mawaƙi ke rera abin da ya rubuta, in kari ya karye kowa ya ji. Roƙona ga malaman Hausa, daga sakandare har jami'a, su dawo da wannan cikin aji. Kafin a tambayi yaro bahari, a sa shi ya rera baiti biyar da murya, yana buga tebur a kan kowace gaɓa mai nauyi. Kafin a tambaye shi ma'anar fitowa, a ba shi abokai biyu da kujera ɗaya su taka ta a gaban allo. A kuma sa kowane ɗalibi, ko sau ɗaya kafin ya kammala, ya ɗauki baiti uku na wani gwani ya gwada yi musu tahmisi.